A Tambayi Ruwa Kafin a Cike Ramin Magina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Shiyar Magina,
Tsohon Garin Tambuwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Allah shi taimake ka, shi ba ka haƙurin zama da mu. Ka isar mini da gaisuwa ga sakatare, ka ce na ga hoton babban yatsan da ya aiko mini, na kuma gode.

Kai ka san ni, amma tunda takardar a buɗe take, bari in gabatar da kaina ga waɗanda ba su sani ba. Sunana Sahabi, ɗan marigayi Umaru Magini, jikan Buba Magini. Gidanmu shi ne na ƙarshe a Lungun Magina, in ka gangaro daga ƙaramin masallaci, daf da bakin Rami. Shekara goma sha tara ke nan ina Fatakwal ina aikin birkila. Ina gina wa mutanen da ban sani ba gidajen da ba zan taɓa kwana a ciki ba. In Salla ta zo in leƙo gida kwana goma, in ci tuwon Inna, a ce mini na rame, in koma.

Ban so na yi maka magana a bainar jama'a ba. Sau uku na kawo ƙorafin nan a zauren waya na 'yan shiyarmu. Na farko sakatare ya amsa mini da yatsa. Na biyu aka ce za a duba. Na uku kuwa, ko minti biyar bai yi da shiga ba wani ya ɗora katin ɗaurin aure a kansa, kafin in idar da sallar azahar an binne maganata ƙarƙashin addu'o'in zaman lafiya. Ni ma sai da na tura tawa, don angon ɗan abokina ne. Daga nan na ce to, a koma ga takarda, ita ba a ɗora mata katin biki.

Maganar guda ce, kuma gajeriya, ni ne dai zan tsawaita ta. Bangon ɗakin mahaifiyata, Inna Kulu, ya tsage tun daminar bara, saboda ruwan da aikinku ya maido mana cikin lungu. Yanzu kuma na ji tifofi za su dawo su cike sauran Ramin Magina kafin ruwa ya sauka, don a ɗora bene. In aka yi haka, bangon nan ba zai kai girbi ba. Gadon Inna yana jingine da shi, ta kuma ce ba mai matsar mata da shi.

Na farko, bari in fara da abin da kuka yi daidai, don kada a ce Sahabi ya zauna a Kudu yana jifa.

Shaguna goma sha biyun da kuka gina a rabin Ramin na gabas, aiki ne. Na ga hotuna, na kuma taɓa ginin da hannuna da ƙaramar Salla. Ni sana'ata ce, na san ginin da aka ci da wanda ba a ci ba. Wannan ba a ci shi ba. Siminti ya ji, rodi ya ji, bulon ba ya marmashewa in ka kankare shi da farce. Duk wanda ya ce an karkatar da wani abu, a turo mini shi in amsa masa da kaina. Samarin da ke gasuwa a rana suna gyaran waya da sayar da man babur yanzu suna da inuwa da ƙofar kullewa. Jujin da ya yi shekaru yana cika mana hanci a gefen gabas an kwashe shi. Kuma ranar da aka nemi ra'ayi, ni ma na ce a yi. Muryata tana nan cikin wayar sakatare, in bai goge ba. Saboda haka in ana rabon laifi, a cire mini nawa kason.

Na biyu, Ramin nan ba rami ne kawai ba.

Kai ka san haka, ranka shi daɗe, don a cikinsa ka koyi iyo, kuma a bakinsa mahaifina ya zane mu rana guda, kai sau biyu ni sau uku, saboda ni na kawo shawarar. Amma tunda ka yi shekaru a ofis, bari in tuna maka.

Duk wani gidan ƙasa da ke shiyar nan daga cikin Ramin ya fito. Zauren kakanka, masallaci, katangar gidan liman, rumbunan da ke bayan gidajenmu, duk ƙasarsu ta nan ce. Shiya tana tashi sama, Rami yana yin ƙasa. Lungunanmu kuma da baƙi ke yi wa dariya, wai sun karkace kamar an zana su da ido a rufe, ba rashin iya miƙe igiya ya sa su haka ba. Ruwa suka bi.

Kakana Buba yana da wata ƙa'ida, kuma duk maginin da ya fito daga hannunsa ya gaje ta. Kafin a aza tubali ko ɗaya, sai a kawo tulu biyu na ruwa a tuttule a wurin, kowa ya yi shiru ya zuba ido. Inda ruwan ya nufa, nan ce hanyarsa, ba a taɓa ta. Sai a ja bango ya kauce. Shi ake kira tambayar ruwa. In mai gida ya yi gardama, wai an cinye masa taku biyu na fili, Buba sai ya ɗauki kayan aikinsa ya ce a nemi wani magini. Haka indararo. Ba a kafa shi ya fuskanci bangon maƙwabci, sai dai ya zuba cikin lungu. Wannan lungu ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba, har duk su haɗu a ƙofar gidanmu su faɗa Rami. Da damina ruwa ya ɗan lashe yaɓen bango ya kai can. Da rani mu je mu ɗauko ƙasarmu mu mayar inda take. Haka aka yi ta yi tun kafin a haifi kakan sakatare, kuma ban taɓa jin an kira taro a kai ba.

Na uku, safiyon da kuka ɗauko ya auna fili.

Ba ni da abin faɗa a kan iliminsa. An ce yaro ne mai ladabi, yana gaishe da kowa, ga lema ga na'ura mai ƙafa uku. Sai dai an kawo shi tsakiyar bazara, lokacin da Rami ya bushe ƙayau, ƙasa ta dare, awaki na kiwo a ciki, samari sun kafa duwatsu suna buga ƙwallo. Mutum ya zo daga nesa ya ga haka, me zai rubuta? Ya rubuta fili. Da an kawo shi tsakiyar damina, da kwalekwale zai nema kafin ya kafa na'urar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Baba Altine yana zaune a dakalinsa, taku ashirin daga inda ake awon. Ga wanda bai san shi ba, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi gini a hannun kakana. Idonsa ya yi rauni, amma in ka ɗora shi a kan kowane lungu zai gaya maka inda ruwansa ke kwana. Da na je gaishe shi na tambaye shi ko an nemi shawararsa. Ya ce, "An yi min magana, ɗan Umaru. Sunka ce, Baba ɗan janye ƙafa igiyar awo ta wuce. Ni ko na janye."

To, da wannan awo aka yi zane, da zanen aka zuba birji aka ɗaga hanyar gaban shaguna har ta fi bakin lungunmu tsawo da kamu guda. Ba a manta da kwalbati ba, in faɗi gaskiya. An yi shi, mai kyau, har da fenti. Amma an sa shi daidai tsakiyar jerin shagunan, shida dama shida hagu, don a takarda ya fi kyan gani. Wurin kuwa tudu ne. Ranka shi daɗe, a duk faɗin Shiyar Magina yau ba wurin da ya kai cikin kwalbatin nan bushewa. Akuyar gidan liman a ciki ta haihu, tsakiyar damina, tagwaye, ko atishawa ba su yi ba.

Na huɗu, abin da ya faru.

Ranar wata Laraba ce da la'asar, damina ta yi tsaka. Ina kan gini a nan Fatakwal, hawa na uku, sai ga kiran ƙanena Nasiru, wanda ke koyarwa a firamare. Shi ke zaune da Inna. Kiran bidiyo ne, ya juya mini wayar in gani. Ruwa ya gangaro daga masallaci kamar yadda ya saba, ya ɗauko na Lungun Liman, ya ɗauko na bayan gidanku, ya iso ƙofarmu, ya tarar an toshe. Ya tsaya yana juyawa kamar baƙon da ya zo ya iske masu gida sun tashi ba su bar sallahu ba. Da ya rasa inda zai nufa, sai ya nemi wuri ya zauna. Wurin da ya samu shi ne gindin bangon Inna.

Kwana uku ya yi. Nasiru ya shata inda ya kai da gawayi, shatar tana nan, daidai gwiwata. Wanda ya san ginin ƙasa ya san ruwan sama ba ya tsorata shi. A yi ta zuba a kansa shekara ɗari, in dai ana yaɓe yana nan. Abin da ba ya jurewa shi ne a jiƙa masa ƙafa a bar shi tsaye a ciki. Bayan ruwan ya janye da sati guda, bango ya buɗe daga ƙasa zuwa kusa da taga. Da Salla na zura hannuna a tsagar har wuyan hannu. Yanzu azara uku ke tokare da shi ta waje. Zauren kakana ma, da ke haɗe da bangon, gindinsa ya fara zubar da gishiri. Gida huɗu bayan namu sun jiƙa, amma masu su suna da baki, kuma suna kusa da kai, ba sai na ara musu nawa ba.

Wannan fa da rabin Rami a buɗe ke nan, ruwan wasu lungunan yana samun ta inda zai zagaya ya faɗa. Ka ƙiyasta ranar da aka cike sauran.

Na biyar, maganar dacewa.

A takardar da kwamiti ya raba, an rubuta cewa sabon gini ya dace da kamannin tsohon gari. Da na duba hoton sai na gane abin da ake nufi. An shafa wa shagunan fenti mai launin jar ƙasa, an kuma ɗora musu zankwaye na siminti a kowace kusurwa, irin na soraye. Na yi dariya har yaran aikina suka tambaye ni lafiya. Ba su yi muni ba, wallahi. Amma abin ya yi mini kama da baƙon da ya ari rigar gidanmu da hularmu, ya fito tsaf, sai ya yi wanka ya watsa ruwan a ƙofar maƙwabci.

Kamannin shiyar nan ba a launi suke ba. Suna ga lungu mai ƙunci da ke ba da inuwa har azahar. Suna ga dakalin ƙofar gida, inda tsoho zai zauna a gaishe shi ba sai ya sayi komai ba. Suna ga taga ƙarama can sama, wadda iska ke shiga ido ba ya shiga. Suna ga bangon da ya kauce wa ruwa. In sabon gini ya kiyaye waɗannan, a shafa masa shuɗi ma ni ban damu ba. In bai kiyaye ba, ko zanko ɗari aka kafa masa baƙo ne.

Kuma tunda na ga zanen benen da za a ɗora, bari in faɗa tun yanzu: tagoginsa na sama shida ne, manya, duk suna kallon yamma. Yamma kuwa tsakar gidajen mutane ce. Duk wanda ya hau zai san abin da aka dafa a gida shida da wanda aka yi wa kitso. Wannan ba ita ce ta kawo ni ba, amma in ban faɗa ba matan shiyar za su faɗa maka, kuma ba a takarda ba.

Na manta ko na nawa nake, amma ga wanda ya fi wuyar rubutawa.

Ni ma na taɓa yin irin wannan ɓarna, da hannuna, a gidanmu. Shekara takwas da suka wuce na zo da zafin kai, na ce zan gina wa iyayena ɗakin bulo da rufin kwano, a san suna da ɗa a Fatakwal. Na gina cikin sati uku, na ɗora filam, ma'aunin miƙewar bango, ko'ina ya zauna daram. Na karkatar da kwanon ta inda ya fi kyau in an shigo daga zaure. Ranar da aka buga ƙusa ta ƙarshe mahaifina ya fito, ya zagaya ɗakin sau ɗaya, ya ce, "Injiniyan Fatakwal, ka tambayi ruwa?" Na ce Baba ai yanzu an wuce nan, akwai kayan awo. Ya sa aka kawo tulu, ya ce in hau da kaina in zuba. Na hau, mutanen lungu sun taru, har da surukina da ya zo daga Dogon Daji. Na tuttule. Ruwan ya sauko ya daki bangon Baba Altine a tsakiya, kamar da gangan na auna. Baba Altine yana dakalinsa ya ce, "Madalla, ɗan Umaru. Dama na daɗe ban wanke shi ba."

Kwana biyu na yi ina ɓamɓare kwanon da na buga, ina juya shi. Har yau in ka shiga gidanmu za ka ga layin hujin ƙusa da aka toshe da kwalta. Ban mutu ba, ranka shi daɗe. Kunya ce ta sati guda, daga baya ta zama abin ba da labari. Na kawo wannan ne don ka san ba daga kan tudu nake maka magana ba. Na san yadda mutum ke ji in ya gama aiki mai kyau, an yaba, sai wani tsoho ya fito da tulu.

Saura amsar da ka ba Nasiru.

Da ya same ka bayan sallar Juma'a, ka ce masa, cikin raha na sani, ai yayansa birkila ne, ya zo ya rushe bangon ya yi na bulo a huta. Na gode da tallar da ka yi mini. Zan iya, cikin kwana huɗu ma. Amma ruwan fa? Bulo ba ya shanye ruwa ya ɓatar. In na tsayar da bango mai ƙarfi a nan, ruwan zai matsa ne ya zauna a gindin na gaba, na Baba Altine, wanda ba shi da ɗa a Fatakwal. Daga nan na gaba. A ƙarshe sai kowa ya rushe nasa, a wayi gari shiyar da kuka kafa kwamiti don rayawa ba abin da ya rage mata na da sai zankwayen siminti.

Ka kuma ce a ɗauke Inna zuwa wani wuri kafin damina ta wuce. Ranka shi daɗe, bismilla, ga ta nan, ka gwada. Mu mun gwada. Ƙanenta ya zo tun daga Fakku da mota, ya koma da buhun gero da gaisuwa. Ƙanwata ta gyara mata ɗaki a Dogon Daji, har da sabon labule. Ɗakin bulon da na gina kuwa, taku goma daga nata, ta ce tanda ce, in ina son gasa ta in bari sai ta zama gurasa. Awakinta ke kwana a ciki. Da na matsa mata a waya, ga abin da ta ce, kuma na rubuta shi yadda ta faɗa:

"Sahabi, ka bar wahal da kanka. Nan anka kawo ni, nan ubanku ya cika, nan nika kwana. Ruwan ga shekara hamsin muna maƙwabtaka da shi, bai taɓa shigo min ɗaki ba. Ba shi ad da laifi ba. Ƙofar gidanai anka toshe. Ku buɗe mai ya wuce, ku ƙyale min gadona."

Na yi shekara goma sha tara ina aiki da injiniyoyi, ban ji wanda ya yi bayanin magudanar ruwa a taƙaice haka ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai yawa ba ne.

A dakatar da tifofin nan. Ban ce a fasa bene ba. Na ce kada a zuba ko tifa ɗaya a sauran Ramin sai an san inda ruwan lunguna biyar zai kwana. In an duba aka ga dole a bar Ramin, akwai tudun bayan makaranta, ko'ina ƙasa mai tauri, benen zai fi jin daɗin zama a can. Sauro da ƙazantar da ake kuka da su gaskiya ne, amma ana iya kewaye Rami da gajeriyar katanga, a hana zuba shara, a dasa itatuwa a bakinsa, a bar mashiga ɗaya ta ɗibar ƙasar yaɓe.

A fasa birjin da ke bakin lungunmu a sa kwalbati inda ruwa ke zuwa. Wancan na tsakiya a bar wa akuyar liman, ta riga ta saba.

A kira safiyon nan ya dawo, a zaunar da shi a dakalin Baba Altine, ba a ofis ba. Ɗaya ya zo da takarda, ɗaya ya zo da abin da ke kansa. Kada a sake tambayar tsohon nan komai game da ƙafarsa.

A kuma rubuta a dokar kwamiti, tunda yanzu abin da ba a rubuta ba ba ya aiki, cewa duk wanda zai yi sabon gini a cikin tsohuwar shiya, bulo ne ko ƙasa, sai an tambayi ruwa a gaban maƙwabta, sai kuma an duba inda tagoginsa ke kallo. Fenti kowa ya zaɓi nasa.

In kana ganin duk wannan surutun mai kewar gida ne, to ga hanya mai sauƙi, ba taro ba takarda. Ranar Juma'a mai zuwa, in an sauko, ka tsaya a ƙofar ƙaramin masallaci kai da 'yan kwamiti. Nasiru zai kawo kurar 'yan ga-ruwa uku, na riga na yi magana da shi. A juye jarkokin gaba ɗaya a kan lungu. Kada kowa ya yi magana. Ka tattare babbar rigarka ka bi ruwan nan a ƙafa, duk inda ya nufa. In ya kai ka kwalbatinku, wallahi zan sake rubuta wata takardar, a nan inda na rubuta wannan, in ba ka haƙuri da sunana da na ubana, in kuma ɗauki hutu in zo in jera muku bulon benen da hannuna, ba sai an ba ni ko ruwan sha ba. In kuwa ya kai ka inda na san zai kai ka, za ka ga azara uku da shatar gawayi. Ka yi sallama. Inna ta ce za ta dama fura, wai ta san har yanzu kana son ta da tsami. Ka shiga ka zauna a bakin gadon, ka ɗaga kai ka dubi bangon, sa'an nan ka yanke abin da ka ga ya dace. Na yarda da hukuncinka in dai a nan ka yanke shi.

Abu ɗaya kawai, ranka shi daɗe, kada a ce za a duba. Mu nan Kudu damina ta riga ta sauka. Ina rubuta wannan ne ruwa na dukan kwanon ɗakina, ko aiki ba mu fita ba yau. Shekara goma sha tara ina lura da shi: in ya fara a nan, ba ya daɗewa yake kama hanyar Arewa, gari bayan gari, kuma bai taɓa ɓata hanyar lungunmu ba. Ni sai na nemi izini wurin mai aiki kafin in taho. Shi ba ya nema.

Allah shi ƙara maka lafiya da basira, shi sa aikin da ka fara ya zama alheri gare ka duniya da lahira. Allah shi jiƙan iyayenmu da suka gina shiyar nan da ƙasa da tulu biyu. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi sa ta iske ƙofarta a buɗe.

Wassalam.

Naka, abokin iyonka,
Sahabi Umaru Magini,
ɗan Lungun Magina, mazaunin Fatakwal.